Kalankuwa: Bikin da Ƙauye Ya Riƙe Makaɗansa da Shi

A 'yan shekarun nan bukukuwan adabi da fasaha sun ƙaru a Arewa. Kaduna ta fara bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a 2017. A 2021 ƙungiyar Open Arts, ƙarƙashin jagorancin Sada Malumfashi, ta buɗe HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa. Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, ta tashi daga kafafen sada zumunta ta zama taro mai cika fili. Duk inda aka yi irin wannan zama, akwai tambayar da ba ta rasa tasowa: wa zai ɗauki nauyin mai fasahar da ba shi da ubangida? Makaɗin ƙauye, da ɗan kama mai ba da dariya a kasuwa, da zabiyar gidan biki, waɗanda ba su da sarki, ba su da ɗan siyasa, ba su da kamfani, ina za su sami fili, kuma wa zai biya su?

Akan ɗauki tambayar kamar sabuwa, a nemi amsarta wurin ma'aikatun gwamnati ko ƙungiyoyin ba da tallafi na ƙasashen waje. Amma ƙauyukan tsakiyar ƙasar Katsina, irin na Dutsin-Ma da Kurfi, sun daɗe da tasu amsar, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa. Sunanta kalankuwa, bikin da samari ke shiryawa bayan an kawar da amfanin gona. Tarihinsa ya nuna abin da ke sa bikin fasaha ya ciyar da mai fasaha, da kuma abin da ke faruwa idan aka raba bikin da aljihun mutanen da ake yinsa dominsu.

Makaɗin fada da makaɗin jama'a

Dutsin-Ma mazaunin 'Yanɗakan Katsina ne, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Kurfi kuwa mazaunin Maraɗin Katsina ce. Manyan hakimai irin waɗannan, kamar Sarkin Katsina da ke samansu, suna da makaɗansu na gado. Kayan kiɗan fada sanannu ne: tambari, da kakaki, da algaita, da taushi, da kotso, da jauje. Makaɗin fada yana da tabbas. Ubangidansa ne ke tufatar da shi, ya ba shi doki da hatsi, wani lokaci har gida da gona, shi kuma ya tsaya kan yabon ubangidan da asalinsa. Muhammadu Sarkin Taushin Katsina, wanda ya shahara a fadar Sarki Usman Nagogo, misali ne na wannan rukuni a ƙololuwarsa.

A wajen fada kuwa akwai makaɗan da suka fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, mafarauta da 'yan tauri na da nasu take, 'yan bori na da garaya da goge. Mata a cikin gida na da kiɗan ƙwarya da shantu. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon wa'azin malamai suna zancen tuwo da miya, da 'yan gambara masu zagaya kasuwa da baƙar magana, da 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jikinsu, da gardawa masu wasa da kura da maciji. Masana irin su David Ames da Anthony King, waɗanda suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau daga baya, sun tsara waɗannan rukunoni dalla-dalla.

Waɗannan su ne abin da yau za a kira masu fasaha masu zaman kansu. Babu mai ba su albashi. Yawancinsu manoma ne da damina, makaɗa da rani. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967 ta rubuta littafi kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa, ta nuna cewa da wuya a sami magidancin da ke dogara ga gona kaɗai, kuma farashin hatsi kan faɗi da kaka ya hau idan bazara ta gabato. Makaɗi na cikin wannan lissafi. Abin da ya tara tsakanin girbi da saukar ruwan farko shi ne zai kai iyalinsa ga wata kakar.

Matsayinsa a cikin jama'a kuma ba mai tsawo ba ne. M. G. Smith, a nazarin da ya yi wa roƙo a 1957, ya bayyana yadda ake sanya makaɗa da maroƙa a ƙasan jerin sana'o'i, ana kuma jin tsoron bakinsu, domin wanda ya hana su yana iya shan zambo a bainar jama'a. Mutum ne da ake buƙata a ranar suna da ranar aure, amma a yi jinkirin ba shi 'ya. Irin wannan mutum yana bukatar lokacin da gari duka zai taru ya biya shi a fili, ba tare da ya bi gida gida ba. Kalankuwa ce ke ba shi wannan lokaci.

Yadda ake haɗa ta

Kalankuwa bikin kaka ne. Sai an yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna, an cika rumbuna, an sayar da gyaɗa ko auduga, kuɗi sun shigo hannun talaka, sannan ake maganarta. Sanyin hunturu ya fara, aikin gona ya ƙare, 'yan cin rani ba su riga sun watse ba. A duk shekara babu wani lokacin da ƙauye ke da abinci da kuɗi da hutu a tare sai wannan.

Masu shirya ta samari ne, ƙarƙashin sarkin samari, tare da 'yan mata da shugabarsu. Sukan nemi izinin mai gari, su sa rana, su aika wa samarin garuruwan maƙwabta goron gayyata. Wanda ya karɓi goro ya ɗauki nauyin zuwa da gudummawa, kuma ya san idan tasu ta zo za a rama masa. Ta haka bikin kan zagaya daga wannan gari zuwa wancan har rani ya yi nisa. Makaɗin da ya yi suna a wuri ɗaya sai ya tarar labarinsa ya riga shi isa na gaba.

Kuɗin bikin daga wurare uku suke fitowa. Na farko karo-karo ne: kowane saurayi da abin da aka yanka masa, na hatsi ko na kuɗi, wasu wuraren kuma samari kan yi aikin gayya da damina a ajiye ladan domin kaka. Na biyu kuɗin shiga fili, domin akan kewaye dandalin da zana a bar ƙofa. Na uku tara, wadda ke fitowa daga wasan da ya fi komai jan hankali a bikin, kamar yadda za a gani a gaba. Daga nan ake ciyar da baƙi, a sauki makaɗa, a sallame su idan an tashi. Ban da wannan akwai kari, wato kyautar da mutum ke yi wa makaɗi a take idan an ambaci sunansa ko na masoyiyarsa ko aka kaɗa taken gidansu. Sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta abin da wane ya bayar, abokin gasarsa ya ji, ya sa hannu a aljihu.

Da rana ana kokawa da dambe, makaɗan maza suna zuga 'yan wasa da kirarinsu. 'Yan tauri da 'yan hoto su nuna tasu bajinta. Inda Fulani ke kusa, kamar yadda suke a duk faɗin ƙasar da ta miƙe daga Kurfi zuwa Safana da dajin Rugu, samarinsu kan zo kallo, matansu su kawo nono da fura, su ma suna da nasu sharo da ake gayyatar Hausawa kallo. Da dare kuma fili na samari da 'yan mata ne, ana kiɗa ana rawa har gari ya kusa wayewa. Ana yin haka 'yan kwanaki, wani wurin har mako guda. Masu tsire da masu ƙosai da 'yan koli da teloli duk suna cin kasuwarsu. Aure da dama a nan yake samo tushe.

Abin lura a tsarin shi ne wanda ke biya shi ne wanda ke kallo, kuma shi ne alƙali. Babu kwamitin da zai zauna ya tantance wanda ya cancanci fili. Makaɗin da bai iya ba zai ga da'irarsa ta watse, mutane sun koma wurin na kusa da shi. Wanda ya iya zai koma gida da dammunan gero da riguna da kuɗi, wani lokaci har da akuya, da kuma gayyata zuwa gari na gaba.

Gwamnan kwana uku

Kalankuwa ba kiɗa da rawa ba ce kaɗai. A cikinta samari kan kafa gwamnati ta wasa. A naɗa sarki da hakimai da alƙali da dogarai. Bayan zuwan Turawa a 1903, sai muƙaman sabuwar hukuma suka shiga jerin: Gwamna, da Razdan, da Di'o, da Joji, da likita, da 'yan sanda, da ma'aji. Kowa ya nemi tufafin da suka dace da muƙaminsa, ya kwaikwayi tafiyar mai muƙamin da maganarsa. Da mulkin soja ya zo, kakin soja ma ya shigo fili.

Wannan gwamnati tana da aiki na gaske. 'Yan sandanta ne ke tsare ƙofa su raba faɗa. Kotunta na zama, a kawo wanda ya karya dokar fili, ko wanda aka ƙaga wa laifi domin a yi dariya, a yanke masa tara, tarar ta shiga asusun biki. Likitan wasa ya duba lafiyayye ya ce ba shi da lafiya sai ya biya kuɗin magani. Baƙo mai hali ya san za a kama shi, ya kuma zo da shirinsa.

Masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa suna lissafa kalankuwa tare da tashe da wasan gauta a matsayin tushen wasan kwaikwayo na gargajiya. Wasan gauta na matan fada ne, inda suke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu. Kalankuwa kuwa ta talakawa ce. Ɗan manomin da ya ga yadda ake karɓar haraji da jangali, ya ga yadda ake tsugunawa gaban alƙali, shi ne ke sanya rigar mai mulki na 'yan kwanaki ya nuna wa gari yadda mulkin yake a idon wanda ake mulka. Ana dariya, amma kowa ya gane wanda ake nufi. A lokaci guda kuma samarin na koyon tara kuɗi da rabon aiki da saukar baƙi da ba da lissafi. Garin da sarkin samarinsa ya ci amanar asusu ba ya sake samun masu karɓar goronsa.

Daga dandali zuwa faifai

Wanda yake son ganin abin da dandalin ƙauye ke iya haifarwa, ya dubi Mamman Shata. An haife shi a Musawa, wadda ba ta da nisa da Dutsin-Ma, a wajen 1923. Ba gadon kiɗa ya yi ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba. A dandalin samari da 'yan mata ya fara, yana tallar goro yana waƙa, kafin ya koma Bakori, daga can duniya ta san shi. Bai zama makaɗin fadar kowa ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da manoma da 'yan kasuwa da mata. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Littafin tarihinsa da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya bi sawun wannan tafiya tun daga Musawa.

Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta bi irin wannan hanya ta ɓangaren mata: daga kiɗan ƙwarya na gidajen biki zuwa rediyo da talabijin. Gidan Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da kamfanonin faifai, da kaset daga baya, su suka yaɗa muryoyin nan. Amma rediyo bai ƙirƙire su ba. Ya tarar da su sun riga sun gogu a gaban 'yan kallon da ba sa jin kunyar juya wa mutum baya. A bayan kowane Shata akwai ɗaruruwan makaɗan da sunansu bai wuce gundumarsu ba, amma sana'ar ta riƙe su har tsufa. Su ne ainihin abin da kalankuwa ta ciyar.

Da hukuma ta shigo fili

Bikin al'adu na hukuma ya biyo wata hanya dabam. Turawan mulkin mallaka sun ga hawan sallah ya burge su, suka haɗa shi da irin taron da suka saba yi a Indiya, suka kira shi daba. An yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnatin tarayya ta fara bikin fasaha na ƙasa, wanda yanzu ake kira NAFEST, domin ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari. A 1975 aka kafa hukumar kula da fasaha da al'adu ta ƙasa. A farkon 1977 aka yi FESTAC a Legas, aka ware wa Kaduna babbar daba, inda masarautun Arewa, har da Katsina, suka kai dawakai da mahaya da makaɗa. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba 1987, ita ma ta kafa hukumar tarihi da al'adu, tana tura tawaga zuwa bukukuwan ƙasa.

Waɗannan bukukuwa sun yi amfani. Sun ɗaga darajar kiɗan gargajiya a idon 'yan boko, sun kai wasu makaɗa garuruwa da ƙasashen da ba su taɓa mafarkin zuwa ba. Amma sun juya tsarin kalankuwa. Jami'i ne ke zaɓen wanda zai je. Wasan da ake kwana ana yi sai a matse shi cikin 'yan mintoci a gaban manyan baƙi. Kuɗi daga baitulmali suke fitowa, su bi ta hannuwa da yawa kafin abin da ya saura ya kai ga mai ganga. 'Yan kallo ba su da ta cewa, kuma ba a tsammanin su sa hannu a aljihu. Gwamnan wasa da kotunsa kuwa ba su da gurbi a taron da gwamnan gaske ke zaune a rumfa. Abin da ya fi samun gata shi ne al'adar fada da abin da ke jan 'yan yawon buɗe ido. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016. Hawan daba na Kano ya shiga a 2024. Bikin samarin ƙauye bai sami mai kai shi ko'ina ba.

An sami waɗanda suka gwada wata hanya. Daga tsakiyar shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun riƙa fita ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma kan matsalolinsu. Sun yi a Soba, sun yi a Maska ta ƙasar Funtuwa a 1979, sun kuma yi aiki da samarin Bomo kusa da Samaru, inda kalankuwa ke da ƙarfi. Sun fahimci cewa ƙauye na da dandalinsa da 'yan wasansa, abin da ya rage shi ne a shiga ta ƙofar da ke buɗe.

Jamhuriyar Nijar ma ta ba da misali. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi. Gwamnati ce ke shiryawa, amma ba ta yanke tsanin ba: ɗan kokawa daga ƙauye yake tasowa, ya yi fice a gundumarsa, ya wakilci jiharsa, makaɗa da masu kirari na biye da shi, gasar kuma tana zagaya jihohi. Shi ya sa har yau manomin Maraɗi ke jin takobin nasa ne.

Abin da ya ci kalankuwa

Ba abu ɗaya ya raunana bikin ba. Na farko tattalin arziki ne. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya amfanin gonar da ke kawo wa manomin Katsina tsabar kuɗi da kaka. Kuɗin man fetur suka ja samari zuwa birane, cin rani ya daina zama na 'yan watanni. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sauya yadda yara ke tasowa, ƙungiyar samari ta gargajiya ta ba kulob ɗin ƙwallo da ƙungiyoyin siyasa wuri.

Na biyu addini ne, kuma wannan tsohuwar muhawara ce. Tun zamanin jihadi, wanda ya kawo Ummarun Dallaje kan mulkin Katsina a farkon ƙarni na 19, malamai ke sukar cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa. Sukar tana da abin kamawa. Kalankuwa kan jawo caca da shaye-shaye da mata masu zaman kansu, samari kan yi almubazzaranci da hatsin da ya kamata ya kai gida bazara, gasar 'yan mata kan ƙare da faɗa. Da wa'azi ya yi ƙarfi a karkara daga ƙarshen shekarun 1970, sannan aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina a 2000, garuruwa da yawa sun bar bikin, wasu suka rage shi zuwa kokawa da dambe da rana. Abin da ba a tanada ba shi ne madadin hanyar abincin makaɗin da aka rufe wa fili.

Na uku na'ura ce. Kaset, sannan fiyano da situdiyo, sannan waya, sun sa mai biki na iya ɗauko mai lasifika ɗaya a madadin makaɗa goma. Mawaƙin zamani da ke son ya yi arziki ya san inda kuɗi suke: wurin 'yan siyasa. Tsarin ubangida ya dawo da sabuwar riga, kuma Katsina ce ta fitar da wanda ya fi shahara a wannan fage, Dauda Kahutu Rarara. Ko liƙi, wanda ya gaji kari, ya shiga matsala, domin dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa takardun naira a wurin biki, hukumar EFCC kuma ta tsananta kamu a kai daga 2024.

Na huɗu shi ne mafi muni. Ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu sun shafe fiye da shekara goma cikin hare-haren 'yan bindiga. A ranar 18 ga Afrilu 2020 an kashe mutum 47 a ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. A 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. A Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Kalankuwa na bukatar abu huɗu: gonar da aka noma aka girbe, hanyar da baƙo zai bi, daren da za a kwana a fili, da amana tsakanin maƙwabta. Rikicin ya taɓa duka huɗun. Manomin da ya biya kuɗin fansa, ko ya biya kafin a bar shi ya girbe gonarsa, ba shi da damin da zai ba makaɗi. Bahaushe da Bafulatanin da a da ke kallon wasannin juna sun koma kallon juna da zargi.

Abin da tarihin ke koyarwa

A 2025 al'ummomin ƙananan hukumomi da dama na yankin, ciki har da Kurfi, sun shiga zaman sulhu da 'yan bindiga, kuma ra'ayi ya rabu kan ko zai ɗore. Idan ƙura ta lafa, za a sake maganar raya al'adu, za a kuma kawo shawarar shirya biki. Dutsin-Ma na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da madatsar ruwa ta Zoɓe, da matasa masu waya a hannu da ke iya kai wasan ƙauye ko'ina cikin duniya.

Babu mai iya dawo da kalankuwa yadda take a 1960, kuma akwai abubuwan cikinta da jama'ar yau ba za su karɓa ba. Amma ƙa'idojin da suka riƙe ta suna nan da amfaninsu. A sa biki lokacin da manomi ke da abin hannu, wato da kaka. A bar shirya shi a hannun mutanen gari, hukuma ta tsaya kan tsaro da hanya da wutar lantarki. A bar shi ya zagaya garuruwa, domin mai fasaha ya sami kasuwa ta watanni maimakon ta yini ɗaya. A buɗe hanyar da ɗan kallo zai biya wanda ya burge shi kai tsaye, ko da dami ne ko ta waya. A kuma bar wa ɗan kama da gwamnan wasa bakinsu, ko da wanda suke kwaikwayo yana zaune a wurin.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran sulhu. Dattawan da suka yi sarautar samari, da makaɗan noma da suka san taken kowane gida a gundumarsu, suna ƙarewa, wasunsu kuma suna zaune a Dutsin-Ma da Katsina a matsayin 'yan gudun hijira, gangunansu a rataye. Taken da ba a kaɗa ba shekara goma, yaron gidan ba zai gane shi ba idan ya ji. Malamai da ɗaliban manyan makarantun nan biyu na iya zama da waɗannan mutane tun yanzu, su naɗi muryarsu da kiɗansu, su rubuta yadda ake haɗa asusu da yadda ake raba shi, su kuma biya su ladan lokacinsu. Duk wanda zai shirya biki a yankin nan gaba, daga wurinsu zai koyi yadda ake yi.